Wai ƙarfe ne ke cinye wa Baba ƙwaƙwalwa? Masu sani ku shigo dan Allah

Abban Walid:
Slm jama'ar gida barkanmu da dare. Dan Allah ina da tambaya kuma a yi haƙuri zan ɗan yi tsayi. Da yawanku kun san Babanmu, kun san yadda yake da, mutumin da shi kaɗai yake yin sharar gona kafin mu tashi daga barci. To yau kusan shekara uku kenan hannunsa na dama yana rawa, in yana zaune sai ka ga babban yatsa da manuni suna murzawa kamar mai jan carbi alhali babu carbin a hannunsa. Da farko muka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, daga baya tafiya ta canza, taku ƙanana ƙanana kamar yana tsoron ƙasa, daga zaure zuwa masallaci sai an ta da sallah bai kai ba. Abin da ya fi taɓa ni rubutunsa, Baba yana rubuta allo mai kyau, yanzu in ya fara layi da manyan baƙaƙe kafin ya kai ƙarshe sun koma kamar tururuwa. Mun kai shi Kano bayan sallar layya likitan ƙwaƙwalwa ya ce Parkinson ce ya ɗora shi a magani, alhamdulillahi akwai sauƙi.

Matsalar yanzu, shekaranjiya wani ya turo wa Inna wata murya a waya, mai maganar yana cewa wai Turawa sun gano ƙarfe ne yake taruwa a ƙwaƙwalwa yana kashe jijiyoyi, kuma wai akwai maganin da yake zuƙe ƙarfen, irin wanda ake ba masu sikila. Tun daga nan Inna ta hana a ba Baba hanta da zogale, kuma ta ce maiɗakina ma ta daina shan jan maganin nan na awo tunda ƙarfe ne, ga ta da ciki wata shida. Ni na rasa yadda zan yi. Gaskiya ne maganar nan ko irin ta waya ce kawai?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukun, kafin a shiga dogon turanci. Abban Walid maiɗakinka kar ta kuskura ta daina shan fasolet ɗin nan, yau ɗin nan ta koma kansa. Ka faɗa wa Inna ni na ce, in ta ƙi zan shigo gobe da kaina in na taso daga aiki. Mu da muke ɗakin haihuwa mu muka san abin da rashin jini yake yi, mace ta zo tafin hannu fari fat kamar an wanke, ta zubar da jinin da wata za ta ɗauka lafiya lau amma ita sai a hau neman mota tsakar dare. Maganar Baba daban maganar mai ciki daban.

Jikan Sarkin Aska:
Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai in ƙarfe ne a jini ai mu gidanmu an san maganinsa tun kaka da kakanni, ƙaho. A kafa masa biyu a ƙeya biyu a kafaɗa mataccen jinin ya fita shikenan, ba sai an je ana kashe kuɗi a Kano ba

Ɗan Gujungu:
hhhh kai kam komai aka kawo sai ka ce ƙaho, ranar da aka yi maganar taki ma kaɗan ya rage ka ce a yi wa gona ƙaho

Auta Mai Bayokem:
Yaya Abban Walid Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Wannan maganar kusan a kanta na yi semina a aji huɗu, bari in faɗi iya abin da na fahimta, manya sa gyara min.

Mai muryar nan bai yi ƙarya duka ba, rabin labari ya bayar. Eh akwai irin mutuwar da ƙwayar halitta take yi saboda ƙarfe, sunanta feroptosis, kuma sunan ba tsoho ba ne, a 2012 aka raɗa shi a ɗakin binciken wani malami Brent Stockwell a Jami'ar Columbia da ke Niyok. Yadda abin yake, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da bango, bangon nan kuma da kitse aka yi shi. Kun san yadda man gyaɗa yake yi in aka bar shi a buɗe ya daɗe, ko ƙuli-ƙulin da ya kwana da yawa, warinsa ya canza yana kartar maƙoshi? To iska ce ta ci man. Irin wannan ne yake faruwa da kitsen bangon, kuma ƙarfen da yake yawo sake ba a ɗaure ba shi ne mai hura wutar, yana haɗuwa da wasu sinadarai da jiki ke fitarwa wajen aiki da iskar oksijin sai su zama masu ƙuna, su kama kitse ɗaya, shi ma ya kama na kusa da shi, kamar wuta a dangar kara, har bangon ya yage ƙwayar ta mutu.

Amma Allah bai bar mu haka ba akwai mai kashe gobarar, wani sinadari da ake ce wa GPX4, aikinsa kenan dare da rana yana bi yana gyara kitsen da ya fara lalacewa. Yana buƙatar selenium da gulutatayon kafin ya yi aiki. Bitamin E ma yana tare wutar. Sai in masu kashe gobarar sun gaza ne ko wutar ta fi ƙarfinsu abin yake faruwa.

Ƙwaƙwalwa kuma ita ta fi shiga haɗari saboda abu uku sun haɗu mata, kitse ne da ita sosai, tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin jiki alhali nauyinta bai wuce kashi 2 ba, sannan da shekaru ƙarfe yana ta ƙaruwa a wasu sassanta. Wurin da ke lalacewa a Parkinson wani ɗan baƙin yanki ne can ciki, shi yake yin dofamin wanda ke sa motsi ya tafi sumul, kuma tun shekarun 1980 masu duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar suka tabbatar ƙarfe ya fi yawa a wurin.

Ɗan Gujungu:
Auta wlh ka burge ni, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. To amma kenan mai muryar ya yi gaskiya mana, tsatsa ce kawai take cin kan mutum kamar tsohuwar garma

Auta Mai Bayokem:
Yaya ka bari in ƙarasa, caji ne ya yanke min. Ragowar rabin shi ne mai ɗaci.

Kawu Na Bakin Fadama:
Yaro kafin ka ƙarasa. Ruwan burtsatsen unguwarmu in ya kwana a bokiti ja yake yi a ƙasa, farin kaya ma baya barinsu. An ce ƙarfe ne. Shekara goma sha muna sha. Mu ma kenan muna hanya?

Maman Hanif:
Ni ma tambayata kenan, da tukunya, kullum a tukunyar ƙarfe muke tuwo

Auta Mai Bayokem:
Kawu ranka ya daɗe a'a ba haka abin yake tafiya ba. Jiki ba rariya ba ne da duk abin da aka zuba zai wuce. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kamar ɗan ƙaramin ƙusa, kuma mafi yawansa yana cikin jan jini yana dakon iska. A rana hanji miligiram 1 zuwa 2 kawai yake bari ya shiga, hanta ce take ba da umarni da wani sinadari hepsidin, in ƙarfe ya isa sai ta sa a rufe ƙofa ragowar ya bi bayan gida. Bayan wannan ma ƙwaƙwalwa tana da nata shingen tsakaninta da jini, ba komai ke tsallakawa ba. Shi ya sa taruwar da ake gani a Parkinson ba wai mutum ya ci hanta da yawa ba ne, rikici ne na cikin gida, yadda ƙwayoyin wurin ke ajiya da rabon ƙarfen ne ya lalace. Kuma har yau masana suna ja a kan ko ƙarfen ne ya fara kashe ƙwayoyin ko kuwa sai da suka fara mutuwa ya taru.

Maman Hanif tukunyar taku ma ta dalma ce irin ta maƙeran kasuwa, ba ƙarfen da ake magana ba ne

Maman Hanif:
To alhamdulillahi dan wlh har na fara tunanin komawa tukunyar ƙasa

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ni ba na cika magana a nan ba amma da na ga an ambaci maganin masu sikila dole in saka baki. Ɗana yana da sikila, tun yana shekara bakwai aka ce jijiyar kansa tana cikin haɗari aka sa shi a layin ƙarin jini, to kowace leda da aka ƙara masa ƙarfe ne ke shiga kuma jiki bashi da hanyar fitar da shi, sai likita ya ce ya taru masa har yana tsoron hanta da zuciya, aka ɗora shi a maganin cire ƙarfe wanda ake narkawa a ruwa a sha da safe. Jama'a maganin nan ba alewa ba ne. Duk bayan ɗan lokaci sai mun hau mota an ɗebi jini an duba ƙoda da hanta, wani lokaci ya yi ta ciwon ciki da gudawa, ga tsada, akwai watan da sai da na sayar da tunkiyata biyu. Shi an auna an ga ƙarfen ya yi yawa ne shi ya sa. Haka kawai a ɗauka a ba tsoho wanda ba a auna ba, ni dai ba zan ba da shawara ba wlh

Abban Walid:
Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Na gode sosai. Auta muna jiranka

Auta Mai Bayokem:
Yauwa. Tunanin da mai muryar ya yi, masana sun riga shi yi, har sun gwada. Akwai wani magani deferipron, ɗan uwan wanda Hajiya ta faɗa ne, asali na masu cutar jini irin talasemiya ne da ake yawan yi wa ƙarin jini, abin da ya sa aka zaɓe shi yana iya tsallaka shingen nan ya shiga ƙwaƙwalwa. A ɓeraye ya yi aiki. An yi ƙaramin gwaji a Faransa da mutum 40 sakamakon ya fito a 2014 ya ba da fata sosai. Sai aka shirya babba, wani likita David Devos na garin Lille ya jagoranta, ƙasashen Turai da dama, mutum 372 waɗanda aka gano cutar kwanan nan kuma ba su fara shan maganin dofamin ba. Aka raba su biyu, rabi deferipron rabi ƙwayar da babu komai a ciki, ba mai sha ba likita ba wanda ya san wacce ce wacce, har sati 36. Sakamako ya fito ƙarshen 2022.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙarfen ya ragu kamar yadda ake so. Amma mutanen sun ƙara lalacewa. A ma'aunin da ake auna tsananin cutar masu shan maganin sun ƙaru da maki 15.6, waɗancan 6.3 kawai. Kashi 22 cikin 100 na masu shan maganin sai da aka gaggauta ɗora su a maganin dofamin kafin lokaci ya cika, a ɗaya ɓangaren kashi 2.7 ne. Kuma wasu fararen ƙwayoyin jininsu na yaƙi da cuta suka faɗi ƙasa warwas, wanda dama an san maganin da wannan halin.

Ɗan Gujungu:
Kai! an je neman ƙiba an samo rama kenan

Jikan Sarkin Aska:
To ai ka ji, maganin Bature ne ya kasa. Namu ba a gwada ba

Dokta (ɗan Hajiya Babba):
Salamu alaikum, yanzu na fito daga tiyata na tarar da saƙo sama da hamsin. Auta ka yi ƙoƙari ƙwarai, abin da ka faɗa haka yake. Bari in ɗora kaɗan.

Dalilin da ake ganin ya sa suka lalace, shi kansa sinadarin da ke fara haɗa dofamin a ƙwaƙwalwa da ƙarfe yake aiki. Wato mutum dama dofamin ɗinsa ya yi ƙasa, 'yan ƙwayoyin da suka rage suna ta fama, sai ka zo ka ɗauke musu kayan aiki. Kamar maƙeri ne gobara ta tashi a rumfarsa, sai ka ce maganin abin a kwashe gawayin duka. Gobara ta mutu amma ba lauje ba fartanya. Injinan da ke ba ƙwaya ƙarfi ma da ƙarfe suke tafiya, haka rigar da ke lulluɓe jijiya.

Kuma ba Parkinson kaɗai ba. A cutar mantuwa ta Alzheimer, wadda mu nan muke haɗawa duka mu ce gigin tsufa, an yi irin wannan fatan. Tun 1991 wasu a Kanada suka gwada allurar cire ƙarfe a mutum 48 suka ce sun ga sauƙi, aka daɗe ana ambaton wannan. Da 'yan Ostireliya suka gwada deferipron a mutum 81 na wata 12, sakamakon ya fito a 2024, nan ma ƙarfen ya ragu a hoto amma mantuwar ta ƙara gudu a masu shan maganin. Su kansu masu binciken mutane ne da suka shafe shekaru suna kare ra'ayin ƙarfen nan, amma suka fito suka faɗi abin da suka gani, ni wannan yana burge ni.

Inda za a ce akwai ɗan haske shi ne wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, tana kama yara, ƙarfe yana taruwa sosai a tsakiyar ƙwaƙwalwa har hoton MRI yana fitowa kamar idon damisa. A can an gwada maganin wata 18, ƙarfen ya ragu sosai, cutar ta ɗan yi kamar ta rage gudu amma bambancin bai kai yadda za a buga ƙirji ba. To ka ga ko a inda ƙarfen yake a fili ƙarara abin bai zo da sauƙi ba balle a Baba.

Malam jikan Sarkin Aska ban raina sana'ar gidanku ba, kakanka shi ya yi mana kaciya duka. Kuma abin mamaki akwai cutar da maganinta a asibiti shi ne a riƙa ɗibar jini, wata ta gado da hanji ke zuƙar ƙarfe ba birki, ta fi yawa a Turawan arewacin Turai. Amma wannan ƙarfen jiki ne. Ƙaho a ƙeya ba ya kaiwa inda ake magana, tsakaninsa da wurin akwai fata da ƙashi da shinge, abin da zai fita jinin Baba ne mai amfani, tsoho mai jiri in ya miƙe kuma a rage masa jini sai faɗuwa.

Jikan Sarkin Aska:
Dokta tunda kai ka faɗa na ji. Amma dai a sani ƙaho sunna ne

Malam Na Tsangaya:
Babu mai musun wannan, ya zo a hadisi. Sai dai ba a ce shi ne maganin kowace cuta a kowane jiki ba, kuma neman magani wurin masaninsa shi ma umarni ne. Ni abin da nake so in ja hankali, a daina cewa tsohon nan sammu aka yi masa ko iska ce, na ji ana yaɗawa a majalisa har ana nuna wani gida. Ku ji tsoron Allah. Abban Walid ka gaishe min da shi, tare muka yi gardi a gabas.

Abban Walid:
Zai ji insha Allah Malam. Wlh maganar sammun nan ta fi ciwon damunmu, har ƙanwar Baba ta daina gaisawa da maƙwabta a kanta

Mai Kemis Na Tasha:
Dokta tambaya. Tunda an ce bitamin E da selenium suna kashe gobarar, me zai hana a ba shi su kawai? Akwai su a shago, har masu zuwa da kaya a jaka suna tallan wani na waje wai yana wanke ƙwaƙwalwa

Dokta (ɗan Hajiya Babba):
Shi ma an gwada Alhaji. Tun ƙarshen shekarun 1980 a Amurka da Kanada aka ba masu Parkinson bitamin E mai yawan gaske a wani gwaji na mutum 800, bai rage gudun cutar ba. Selenium kuma in ya yi yawa guba ne, gashi ya zube farce ya lalace. Akwai sinadaran da aka ƙera musamman don tare feroptosis, irin su ferostatin da liproksitatin, a kwanon gwaji da jikin ɓera suna aiki kamar sihiri, amma ba su zama maganin da ake ba mutum ba. Abin da ya ɗan yi kusa shi ne edarabon da Japan ta amince da shi a 2015 Amurka a 2017 don wata cutar shanyewar jijiyoyin motsi, shi ma amfaninsa kaɗan ne kuma ana ta muhawara a kai. Da wani da Amurka ta amince da shi a 2023 na wata cutar gado mai sa tangaɗi, wanda ke zaburar da garkuwar ƙwaya. Babu ɗaya a ciki da yake na Parkinson. Hanyar ba a rufe take ba ana kan bincike, wasu na ganin kuskuren shi ne an ba da deferipron ga mutanen da ba sa shan levodopa, wato maganin dofamin ɗin, wasu na ganin a bar ƙarfen a wurinsa a ƙarfafa masu kashe gobarar. Amma yau ɗin nan babu ƙwayar da zan rubuta in ce tana hana jijiyoyin nan mutuwa, duk wanda ya ce maka yana da ita a jaka kuɗinka yake so.

Kuma Alhaji tunda ka shigo, dan Allah a riƙa lura da maganin amai metokulopramaid da su Largactil, in tsoho ya daɗe yana sha suna kawo rawar jiki da sanƙarewa kamar Parkinson, mai cutar kuma su ƙara masa. Da Artane ɗin nan da yara suka mayar abin maye, ana ba masu rawar hannu amma a tsofaffi yana rikita tunani ya hana fitsari.

Mai Kemis Na Tasha:
An gama Dokta. Ni dama Artane ba na bayarwa sai da takarda, yaran nan sun ishe mu

Kawu Na Bakin Fadama:
Ni fa duk bayanin nan abu ɗaya nake jira a ambata ba a ambata ba. Maganin feshi. Da can da hannu muke noma, yanzu kowa ya goya jarka a baya ba takalmi ba abin rufe hanci, iska ta juyo ta watsa maka a fuska, wani ma da baki yake busa bututun in ya toshe, na gani da idona. Kuma jarkar in ta ƙare a ɗauraye a zuba man ja ko nono. Babansu Abban Walid yana cikin waɗanda suka fara feshi a garin nan. Ba ruwan wannan?

Auta Mai Bayokem:
Kawu wlh ka taɓo wuri. Maganin ciyawa mai parakwat, wanda ke ƙone ciyawa kwana ɗaya, bincike da yawa ya nuna masu yawan aiki da shi sun fi kamuwa da Parkinson, har a ɗakin gwaji da shi ake lalata wa dabba wannan baƙin yankin in ana son nazarin cutar. Kuma ta hanyar ƙunar oksijin ɗin nan yake ɓarna. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Kamfanonin suna musu suna cewa ba a tabbatar shi ke jawowa ba, amma ni dai in za a ji tsoron wani abu a ƙauyen nan to jarkar feshi ta fi hantar akuya cancanta

Dokta (ɗan Hajiya Babba):
Haka ne, sai dai kar mu yanke cewa shi ya kama Baba, ba a iya nuna mutum ɗaya a ce ga dalilinsa. Shekaru ne kan gaba, akwai gado, a 2023 ma an wallafa wani bincike da aka yi da 'yan Najeriya da yawa a ciki, Farfesa Njideka Okubadejo ta Legas na cikin jagororinsa, aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar a mutanen da asalinsu Afirka ne. Masu walda ma hayaƙin yana da manganis da ke kawo irin wannan. Amma maganar Kawu ta kariya gaskiya ce, a sa takalmi da safar hannu a rufe hanci, kar a yi feshi ana fuskantar iska, jarka kuma a fasa ta.

Ɗan Gujungu:
Muhammad Ali ɗan dambe ma ai ita ce ta kama shi ko? ya fi shekara talatin da ita

Auta Mai Bayokem:
Ita ce, 1984 aka gano ya rasu 2016

Abban Walid:
Wannan ya ɗan kwantar min da hankali wlh. To Dokta yanzu a taƙaice me zan ce wa Inna, dan ita ba ruwanta da Faransa

Dokta (ɗan Hajiya Babba):
Ka ce mata Baba ya ci abincinsa, zogale da rama da wake da hantar in an samu, zogalen ma zai taimaka masa da taurin bayan gida da masu cutar ke fama da shi, a haɗa da ruwa da yawa. Abu ɗaya ne inda ƙarfe ya shafe shi kai tsaye kuma shi mai muryar bai faɗa ba: ƙwayar ƙarin jini tana kama levodopa a cikin hanji ta hana shi shiga jiki. In an taɓa rubuta wa Baba fasolet ko wani tonik mai ƙarfe to a raba su da maganinsa kamar awa biyu. Haka nama da ƙwai da nono mai yawa suna gasa da maganin wajen shiga, gara ya sha kamar rabin awa kafin abinci. Kar a tsallake lokaci, kar a daina kwatsam ko da kuɗi sun yanke, in ya kusa ƙarewa ka yi magana a nan tun da wuri a san yadda za a yi. Kuma kar a zaunar da shi a ce hutu, ya riƙa takawa kullum, motsa jiki na cikin 'yan abubuwan da muke da hujja suna taimakawa.

Anti Nas:
Maiɗakinka kuma kar ta kora fasolet da shayi, shayi yana hana shi shiga, ta sha da ruwa ko ta haɗa da lemo ko goba. In bayan gidanta ya yi baƙi ba komai ba ne maganin ne. Ranar awo ta zo da katinta in duba jinin da kaina

Abban Walid:
Anti ai kin ma fi ni sanin Inna. Yanzu na shiga na karanta mata na Dokta da naki, ta yi shiru can ta ce to ita dai ba ta yarda da wayar ba dama, wai ni ne na tsorata ta hhh. Ta ce gobe za ta yi wa Baba kwaɗon zogale. Tonik kuma akwai wani da ƙanwata ta kawo masa daga Hadeja yana sha tare da maganin safe, ban taɓa kawo komai ba, bari in duba kwalbar

Abban Walid:
Na duba akwai ƙarfe a ciki, an rubuta a jiki. Wata biyu kenan yana haɗawa, kuma dama muna cewa kwanan nan maganin safe baya kama shi kamar da

Dokta (ɗan Hajiya Babba):
To a ajiye tonik ɗin tukun, ku lura da shi sati biyu ka riƙa rubuta lokacin da ya sha da lokacin da jikin ya saki. Ranar komawa asibiti ka tafi da takardar da kwalbar ka nuna wa likitansa, in ya ga da buƙata zai sa a auna jinin. Yaushe ne ranar taku?

Abban Walid:
Laraba ta sama

Ɗan Gujungu:
Ina da lodin barkono zuwa 'Yankaba ranar, in Baba zai iya zaman gaba ku fito bakin titi bayan asuba kar ku biya kuɗin mota. Amma a zo masa da matashi hanyar nan tamu sai a hankali